Inda Tabon Ramatu Ya Zauna

Ban taɓa mantawa da ranar da na ji ana gulmata da Hausa a ɗakin jira na asibitinmu ba, kuma ba na jin zan manta. Ku ƙannena da kuka shigo aikin jinya a baya-bayan nan, ga labarin wata mata da zan kira Ramatu. Ba sunanta ke nan ba, amma ta san ina ba da labarin, har ta ce in na tashi bayarwa kada in rage komai.

Na biyo maigidana ne zuwa Manchester lokacin da ya samu tallafin karatun digiri na uku. Muka kama ɗan gida a Ardwick, a tsakiyar ɗalibai. Dama ni nas ce tun daga Kano, sai na yi jarrabawar da ake yi na samu rajista, na fara aiki a sashen tiyata na wani asibitin gwamnati. Ana nan aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. In nas ta bar aiki ba a maye gurbinta da wuri, albashi ya tsaya cik, ayyuka da yawa kuma da a da ake yi wa mutane kyauta suka zama da wuyar samu. Cikinsu har da gyaran ƙirjin mata, in dai ba ciwon daji ne ya jawo ba. A wannan lokacin ne na koma wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, inda ake tiyatar gyaran jiki.

Matsayin da aka ba ni shi ne nas mai kula da majinyata bayan tiyata. Ni ke canza bandeji, ni ke duba ɗinki, ni kuma ake kira a waya idan wani abu ya tsorata mutum bayan ya koma gida. Aka ba ni ɗakina ni kaɗai, da sunana a jikin ƙofa. Ranar da na fara ganin sunan nan sai da na ɗauki hotonsa na aika wa ƙanwata a Kano, don murna.

Shugabata a aikin wata likitar fiɗa ce mai suna Mis Ashworth. Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani: a ƙasar nan, likitan fiɗa in ya ƙware ba a kiransa dokta, sai a koma ce masa Mista, mace kuma Mis. Baturiya ce doguwa, ba ta da yawan magana, amma hannunta na da kyau ƙwarai. A Manchester take yin tiyata, duk ranar Juma'a kuma ta je Birmingham ta duba majinyatanta na can a wani ɗaki da asibitinmu ke haya.

Ranar da nake faɗa muku, da safe ne, lokacin sanyi. Na fito ɗakin jira zan kira mai bi, sai na ji wata murya daga kujerun gefe.

"Ke, dubi waccan nas ɗin mai ɗankwali. Wallahi kamar 'yar gida."

"Yaya, ki yi shiru mana, za ta ji."

"Ta ji me? Ina ta san abin da nake faɗa?"

Na juya na gan su. Babbar mai jiki ce, ta naɗe cikin ƙatuwar rigar sanyi. Ƙaramar siririya, ta rungume jaka a ƙirjinta kamar wani zai ƙwace. Na matsa kusa na ce, "Na ji kam, Hajiya. Sannunku da hanya. An zo lafiya?"

Babbar ta miƙe zumbur ta yi salati da ƙarfi, har wani dattijon Bature da ke karanta jarida ya ɗago kai. Ta kama hannuwana biyu tana girgizawa. "Daga ina? Daga ina, 'yar'uwa?" Na ce Kano. Ta ce su Kumasi, amma sun daɗe a Ladywood, can Birmingham. Sunanta Hajiya Meri, ƙanwarta kuwa ita ce Ramatu, wadda aka zo dominta. Ni kaina sai da na ji ƙwalla ta taru mini. Tun da na fara aiki a wurin ban taɓa yin magana da harshena a cikin ginin nan ba.

Ramatu ce kaɗai ba ta yi murna ba da farko. Daga baya ta gaya mini cewa ta baro Birmingham ta zo Manchester ne takanas don kada ta haɗu da wanda ya santa, kuma don tana son mace ce ta yi mata aikin. Sai ga shi mutum na farko da ta ci karo da shi Bahaushiya ce. Da muka shiga ɗakina na rufe ƙofa na ce mata, "Ramatu, abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan yake mutuwa. Dokar aiki ce, kuma amana ce a kaina. Ko mijina ba zai ji ba." Ta dube ni, sannan ta ajiye jakar a ƙasa.

Tela ce, shekarunta talatin da 'yan kai, tana da miji da 'ya ɗaya. Tun tana budurwa nononta na hagu bai girma ba. Na dama ya cika daidai, na hagu ya tsaya ɗan mitsitsi, a matse, can sama. Shekara kusan ashirin tana cusa soso a rigar mama. Ba ta taɓa canza kaya a gaban ƙawayenta ba. Mijinta bai taɓa nuna ya damu ba, ita ce abin ke ci. Ta je wajen GP ɗinta, wato likitan unguwa, ya rubuta ya nema mata a yi aikin kyauta, aka dawo da amsa cewa a halin da ake ciki ba za a iya ba. Ta tambayi wata malama a masallacinsu ko akwai laifi, malamar ta ce mata gyara abin da ya samu naƙasu daban yake da neman ƙarin ado. Daga nan ta dage da ɗinki har ta tara abin da zai ishe ta.

Ramatu na jin Turanci sarai, amma wannan labarin da Hausa ya fito. Shi ya sa da Mis Ashworth ta shigo, ta ce in zauna tare da su in riƙa fassara.

Aikin da za a yi shi ne a saka jakar silikon a ƙarƙashin nonon hagu don ya kamo na dama. Abin da ya fi ɗaukar lokaci a zaman nan shi ne inda za a yanka. Wurare uku ne aka saba. Akwai cikin hammata, akwai gefen baƙin da ya kewaye kan nono, akwai kuma ƙarƙashin nono, daidai inda yake kwanciya a kan ƙirji. Kowanne da amfaninsa da matsalarsa. Na hammata yakan fito idan an ɗaga hannu. Na gefen baƙin yana tsakiyar nono, in bai warke da kyau ba babu inda zai ɓuya, kuma yana iya taɓa hanyoyin ruwan nono. Na ƙarƙashi kuwa, nonon da kansa ne ke rufe shi.

Mis Ashworth ta ce wa Ramatu ta cire ɗankwali ta ga kunnenta, don ta lura da wani abu tun shigowarta. A bayan kunnen dama akwai ɗan tudu mai tauri kamar ƙwayar wake, inda aka taɓa huda mata. Likitar ta taɓa shi ta ce, "Fatarki tana da halin tayar da tabo. Ba dole ba ne hakan ya faru a ƙirji, amma sai mun sa ido." Wannan abu ne da muka sani game da fata irin tamu: wani lokaci tabo ba ya kwanciya, sai ya yi tudu ya yi duhu.

Ramatu ta zaɓi ƙarƙashi. Ta juyo gare ni ta ce, "Anti Hauwa, ki tambayar mini ita. Ba za a gani ba, ko?"

Na tambaya. Mis Ashworth ta ce, "Tabo ba ya ɓacewa, kada in yi miki ƙarya. Abin da zan iya shi ne in ajiye shi inda zai ɓuya." Sannan ta ƙara bayani mai muhimmanci. Tun da nonon hagu ya tsaya a sama, ba za ta yanka a ƙarƙashinsa na yanzu ba. Za ta yanka ƙasa da nan, daidai inda ƙarƙashinsa zai kasance bayan ya cika ya sauko. Saboda haka a makonnin farko tabon zai fito fili, sai a hankali nonon ya rufe shi. Na fassara wannan kalma bayan kalma. Ramatu tana ta gyaɗa kai tana murmushi, Hajiya Meri na cewa, "To, to, Alhamdulillahi." Aka ba su takardar bayani su tafi da ita gida. Muka rabu kowa baki har kunne.

Ranar tiyata na riga kowa zuwa. Kafin a yi wa mutum allurar barci, likita kan sa shi ya tsaya a tsaye ta zana layuka a jikinsa da alƙalami, domin jiki a kwance daban yake da jiki a tsaye. Ramatu na tsaye ana zane tana ta zuba kamar ba ita ce mai rungumar jaka ba. Ta ce wa Mis Ashworth, "Ashe ke ma tela ce, alli ne kawai ba ki da shi." Na fassara, likitar ta yi dariya, abin da ba kasafai ake gani ba.

Aiki ya yi kyau. Da ta farfaɗo, abin da ta fara yi shi ne ta kai hannu a hankali kan bandejin. Ta lumshe ido ta ce, "Anti Hauwa, akwai abu a wurin." Na ce akwai kam. Sai ta hau dariya da kuka a haɗe, ina cewa ta yi a hankali kada ta ja ɗinki. Hajiya Meri kuwa ta bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya tana sa musu albarka da Hausa, har mai shara. Da suka dawo bayan mako guda na canza bandeji, rauni ya yi tsaf, na sake manna masa farin filasta na ce a bar shi har ya saki da kansa.

Bayan kamar mako uku, wata Laraba da rana, wayar ɗakina ta yi ƙara. Hajiya Meri ce, ko sallama babu.

"Hauwa, kun cuce mu. Kun lalata mini ƙanwa."

Na ce, "Hajiya, me ya faru? Jini ne? Zazzaɓi take yi?"

"Ba jini ba zazzaɓi. Filasta ya fita, mun ga wurin. An ce a ƙarƙashin nono za a yanka, ga shi can a kan haƙarƙari, baƙi ƙirin, kowa na gani. Likitarku ta kuskure wuri."

Na ce a ba ni Ramatu. Ta ƙi karɓa. Na ce su zo ranar Juma'a su ga Mis Ashworth a nan Birmingham, kusa da su. Hajiya ta ce Ramatu ta rantse ba za ta ƙara haɗa ido da matar nan ba. Ta ce wata ƙawarta ta san wani likita a ƙasar waje da zai sake yankawa ya gyara, kafin nan kuma ta sayo wani mai a kasuwa da zai haske wurin.

A nan ne hankalina ya tashi da gaske. Na san irin man da take nufi, man bilicin ne. Yana sa fata ta yi siriri, a kan sabon rauni kuwa yana iya buɗe shi, kuma a bayan raunin nan akwai jakar silikon. In ƙwayar cuta ta shiga, sai an cire jakar gaba ɗaya. Na ce, "Hajiya, don girman Allah kada a ƙara shafa komai. Ki ba ni zuwa gobe."

Na ajiye waya na nufi ofishin Mis Ashworth. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Me kike ganin ya kamata?"

Na ce, "A bar ni in je gidansu."

Ba al'adar asibitinmu ba ce nas ta bi majinyaci gida, balle wani gari. Manajan asibiti ya fara jero dalilai, wa zai riƙe ɗakina, me za a ce in wani abu ya faru a hanya. Mis Ashworth ta katse shi ta ce, "Majinyaciyata ce, kuma ni na aike ta. In ta ga abin da bai yi mata ba, ta kira ni nan take." Ta juyo ta ce mini, "Ki je. Na yarda da idonki."

Ba zan ɓoye muku ba, duk da damuwar da nake ciki, maganar nan ta sa na fito ofishin kamar ba na taka ƙasa. Washegari da sassafe na haɗa jakata, safar hannu, ruwan wanke rauni, filasta, ɗan madubi, na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Ban iya zama wuri ɗaya ba. Na yi ta shirya abin da zan faɗa, in rushe, in sake shiryawa. Matar da ke kusa da ni har ta tambaye ni ko wurin neman aiki za ni.

Gidan Ramatu a wani dogon bene yake a Ladywood, irin wanda ƙaramar hukuma ke ba da haya. Hajiya Meri ce ta buɗe ƙofa fuska a ɗaure, amma duk da haka ta ce, "Shigo, kin sha hanya," ta kuma ɗora ruwan shayi. Falon cike yake da yadudduka da keken ɗinki biyu. Ramatu na ɗaki a zaune bakin gado, idanu sun kumbura. Mijinta ya tafi aiki, yarinya na makaranta.

Na gaishe ta na ce, "Ban zo kare kowa ba. Ki bar ni in gani da idona. In kuskure aka yi, da bakina zan faɗa miki."

Ta buɗe. Na sa safar hannu na durƙusa. Na duba da kyau, na sake dubawa, sai na ji wani sanyi ya sauko mini har cikin zuciya. Raunin a rufe yake ruf, babu ruwa, babu wari, babu zafi. Gefe ɗaya ya ɗan yi ja inda aka shafa man, sau biyu kawai aka shafa, Allah ya taimaka. Tabon kuwa yana nan daidai inda aka zana. Nonon ne bai sauko ba tukuna, yana sama a kumbure, fata ta ɗaure shi tam.

Na ce, "Alhamdulillahi! Ramatu, wallahi aikin nan ya yi kyau!"

Hajiya Meri da ke bakin ƙofa ta ce, "Ya yi kyau? Ke ba ki da ido ne?"

Na ce, "Hajiya, zo ki tsaya nan." Na sa Ramatu ta miƙe tsaye gaban madubin jikin kabad. Na leƙa falo na ɗauko tef ɗin awon Ramatu daga kan keke na miƙa mata. Na ce, "Auna daga ƙashin wuya zuwa ƙarƙashin na dama." Ta auna. Na ce, "To, auna daga ƙashin wuya zuwa tabon." Ta auna, ta tsaya, ta sake aunawa. Tsawon ɗaya ne.

Na ce, "Kin gani? Ba a yanka don nonon da kike da shi yau ba. An yanka ne don wanda za ki samu nan da wasu watanni. In aka kawo miki yarinya mai tasowa, daidai jikinta na yau kike yanka riga?"

Ta ce a hankali, "A'a, ana barin wuri."

"To, wuri aka bari. Kumburi zai sauka, fata za ta saki, jakar za ta zauna, nonon zai kwanta a kan tabon nan. Da an yanka a sama inda kuke so, da in ya sauko tabon zai hau kansa, a gaba, inda babu abin da zai rufe shi. Mis Ashworth ta faɗi haka ranar farko, ni na fassara."

Suka dubi juna. Hajiya Meri ta ce, "An faɗa?" Ramatu ta ce, "Wallahi ban ji ba. Ranar nan tun da ta ce za a iya yi, ban ƙara jin komai ba." Takardar bayanin ma, ashe tana cikin jaka ba wanda ya buɗe.

Ramatu ta koma ta zauna, hawaye na zuba. Ta ce, "Anti Hauwa, kin san abin da ya karya mini zuciya? Da na ga layin nan a madubi sai na ce, shekara ashirin ina ɓoye abu ɗaya, yanzu kuma na je da ƙafata na sayo wani abin ɓoyewa."

Hajiya Meri ta zauna kusa da ita ta rungume ta. Ita ma sai ga hawaye. Ta ce ita ce ta yi ta ƙarfafa mata gwiwa har ta yarda a yi, shi ya sa da ta ga tabon ta rasa inda za ta sa kanta. Ta tashi da kanta ta ɗauko kwalbar man ta jefa a kwandon shara. Na wanke wurin, na manna sabon filasta, na kira Mis Ashworth na ba ta rahoto. Ba su bar ni na tafi ba sai da na ci tuwo da miyar ayoyo irin ta mutanen Kumasi, Hajiya na ta ƙara mini nama tana cewa in yafe mata maganar da ta yi a waya.

Washegari Juma'a Ramatu ta je ta ga Mis Ashworth. Ba na wurin, amma likitar ta gaya mini cewa da shigarta ta ce, "Na zo da tef ɗina." Suka auna tare.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya tafi sumul. Na koya mata manna filastar silikon a kan tabon kullum, da yadda za ta riƙa murza wurin a hankali bayan ya warke sosai. Duk da haka, wajen wata na uku, ƙarshen tabon da ke kusa da tsakiyar ƙirji ya fara tauri yana ƙaiƙayi. Abin da muke tsoro ke nan tun ranar da aka ga kunnenta. Amma wannan karon Ramatu ba ta jira ba, ba ta kuma nemi shawarar kasuwa ba. Ita da kanta ta kira ni ta ce, "Anti Hauwa, gefen nan ya fara tashi, yaushe zan zo?" Mis Ashworth ta yi mata allurar da ke kwantar da tudun tabo, aka maimaita bayan wasu makonni. Allurar na da zafi, Ramatu ta riƙe hannuna har sai da yatsuna suka yi tsami. Tudun ya tsaya, sannan ya fara laushi.

Da bazara ta shigo suka zo Manchester don dubawa ta ƙarshe. Na shigar da Ramatu ɗakina, Hajiya Meri ta tsaya a waje. Mis Ashworth ta ce ta tsaya gaban madubi. Ramatu ta tsaya, hannuwa a gefe. Ta duba dama, ta duba hagu. Biyun ba su zama ɗaya sak ba, dama babu macen da nata suke haka, amma sai wanda ya sani ne zai ce an taɓa wani abu. Likitar ta ce, "Nuna mini tabon."

Ramatu ta sunkuya tana nema. Ta juya gefe, ba ta gani ba. Sai da ta sa hannu ta ɗaga nonon sannan layin ya bayyana, siriri, a kwance cikin lanƙwasar, da ɗan duhu a ƙarshensa inda aka yi allura. Ta saki, ya ɓace. Ta ɗaga, ta saki, ta ɗaga, ta saki, kamar yaro da sabon abin wasa. Sai ta ƙwala kira, "Yaya! Yaya, zo ki gani!"

Hajiya Meri ta faɗo ɗakin. Ta duba, ta duba, ta dafe ƙirji. Kafin in ankara ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, irin doguwar nan ta gidan biki. Jama'a, a asibitin da ko tari mutum zai yi sai ya rufe baki! Yarinyar da ke karɓar baƙi ta rugo da gudu, manaja na biye da ita, a zatonsu ƙararrawar gobara ce. Na tare su a bakin ƙofa ina dariya har na kasa magana. Mis Ashworth kuwa ta tsaya da alƙalami a hannu, ta tambaye ni, "Wannan na murna ne ko na fushi?" Na ce na murna ne, kuma ba kowa ake yi wa ba. Fuskarta ta yi ja, ta ce, "To, ki ce mata ta ƙara ɗaya, amma a rufe ƙofa." Hajiya ba ta jira na gama fassara ba.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, a aikinmu faɗa wa mutum gaskiya sau ɗaya bai isa ba. Mun yi bayani daidai, mun ba da takarda, babu dokar da muka karya, amma mun yi maganar ne a ranar da farin ciki ya toshe kunnuwa. Wanda ya daɗe yana jiran a ce masa "za a iya," in ya ji kalmar nan ba ya jin abin da ya biyo baya. Daga lokacin muka mayar da shi ƙa'ida, duk wadda aka yi wa irin wannan aiki sai na kira ta kafin filasta ya fita, in gaya mata abin da za ta gani a madubi, don kada ta gan shi ita kaɗai cikin tsoro. Kuma idan mace ta tambaye ku inda tabo zai zauna, kada ku yi saurin nuna mata wuri da yatsa ku wuce. Ku ja kujera ku zauna. Likita ta san inda ta yanka, amma matar ce za ta rayu da wurin, ta gan shi kowace safiya. Aikinmu mu tsaya tare da ita har ranar da za ta dube shi hankalinta a kwance.